Mutum Ɗaya a Layin Wanzanci

Ku ajiye na'urorin nan tukuna. Ajiye, ɗiyata, ba gudu za ta yi ba. Tun safe nake kallonku kuna shafa musu fuska da yatsa, har na jiyo mai farar jallabiyar can yana ce wa na kusa da shi wai aikin ƙididdiga shan iska ne: ka yi tambaya, a ba ka amsa, ka latsa, halas. To madalla. Ni Rabi, da kuke ce wa Ustaza, na yi shekara talatin da 'yan kai ina wannan shan iskar, daga Mai Wurno zuwa Suki, daga Suki zuwa ƙauyukan Damazin, har gwiwoyina suka ce sun gaji. An roƙe ni in yi muku magana kafin a sake ku cikin gidajen mutane. Latsawa dai kun fi ni iyawa, don haka wani abu daban zan faɗa muku.

Ranar da na fara aiki, kayan da aka danƙa mini ba su cika jaka ba. Allo ne mai maƙalin ƙarfe, da fensir uku, da reza ta fiƙe su, da abin gogewa, da alli na rubuta lamba a jikin ƙofa, sai damin istimara, wato takardar tambayoyin. Biro ba ya shiga jakarmu, don gumin hannu kaɗai ya isa ya mai da amsar mutum tabo. Da damina nakan naɗe takardun cikin leda biyu in ɗaure a ƙirji ƙarƙashin mayafi, saboda lakar ƙasar nan ba ta san ma'aikacin hukuma ba. Na taɓa barin takalmi ɗaya a mashigin jirgin fito, na ƙarasa ƙauyen da ƙafa ɗaya a sanye, mata suna ta sheƙa dariya. Istimara kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Ba don na fi kowa lissafi aka ɗauke ni ba. An ɗauke ni ne don ina jin Hausa, kuma ni mace ce. Maza masu ƙididdiga a zaure suke tsayawa, mai gida ya fito ya ce kowa lafiya, komai alhamdu lillahi, a sha shayi a watse. Mutanenmu kuma kun san su da takardar hukuma. Kakanninmu hanyar hajji ta kawo su daga ƙasar Hausa suka zauna a nan cikin masu jin Larabci, amma har gobe in baƙo ya buɗe littafi ya tambayi dattijo inda aka haifi ubansa, sai ka ga ya gyara zama, yana tunanin ko zamansa ɗan ƙasa ake so a taɓa. Ni kuwa har tsakar gida nake shiga, in zauna a tabarma, in ce ni 'yar gidan wane ce a Mai Wurno. Nan da nan sai baki ya buɗe.

Wanda ya koya mini aiki Ustaz Babikir ne, mutumin Sennar, dogo, mai tabarau ɗaure da zare. Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" ba, ita ma da la'asar yake yin ta. A makona na farko bai bar ni na yi tambaya ko ɗaya ba. Aikina kawai in yage shafin farko na kowace istimara, shafin da ke ɗauke da suna da lambar gida, in jera su a akwatin ƙarfe, shi kuma ya kulle ya rataya mabuɗin a wuya. Na ce, "Ustaz, don yage takarda na yi makaranta?" Ya ce, "Ya bitti," wato ɗiyata da Larabci, "amsar da ke ciki ita hukuma ke buƙata. Sunan kuwa amana ce, ba namu ba ne." Shi ya koya mini kada in zauna a abin da ya fi na mai amsa tsayi, kuma in mutum ya faɗi magana mai nauyi kada fensir ya motsa nan take, a bari numfashinsa ya sauka tukuna. Yana da doka guda a kan jadawali, wato takardar da ake jera lissafi layi layi bayan an tara amsoshi: duk gurbin da mutanen cikinsa ba su kai biyar ba, ba ya fita daga ofis sai an haɗe shi da na kusa da shi. Na haddace dokar tsaf, amma ban san me take tsarewa ba.

Gidan farko da na yi tambaya da bakina a wata unguwa ce ta Mai Wurno. Na tambayi matar gidan 'ya'yanta nawa, ta ce huɗu. A zaure kuma mijin ya ce wa Ustaz biyar. Da muka haɗa takardu Ustaz ya ɓata rai, ya ce cikin biyun nan akwai maƙaryaci. Na ce babu. Uwa ba ta ƙirga ɗan fari a gaban baƙo, ko sunansa ba ta kira, kunya ce. Ya buɗe baki yana kallona. Tun daga ranar, in mace ta ba ni adadi nakan ce, "Ban da babban ko?" Ta sunkuyar da kai, ni kuma in ƙara ɗaya. Ustaz ya rubuta wannan a bangon littafinsa, da yamma kuma ya zuba mini jabana da hannunsa, irin gahawar nan mai citta da ba ya ba kowa.

A Suki na ga amfanin mabuɗin wuyan nan. Mun gama binciken noma, inda wasu manoma suka gaya mana gaskiya cewa hawashar da aka yanka musu, wato gonar noman rani, ba su ke noma ta ba, sun ba wasu. Sai ga wani babban ma'aikaci ya zo da mota yana son sunayensu. Ya yi lallashi, ya yi tsawa, ya ce zai kai ƙara sama. Ustaz ya ce adadi zai ba shi, suna kuwa sai dai a yanke zaren mabuɗin da wuyan tare. Mutumin ya fita yana huci. Ni kuma abin da na koya a ranar shi ne haɗari daga waje yake zuwa, cikin mota, da tsawa. Rabin darasin na ɗauka, kuma rabin da na bari shi ya kā da ni.

Bayan shekaru aka ɗauke ni daga yawo aka zaunar da ni a ɗakin jadawali. Ƙirga muke yi da hannu, sanda huɗu a gitta ta biyar, da duwatsu a kan takardu don kada fanka ta kwashe su, sai daga baya aka kawo kwamfuta. A nan na san masu zuwa neman kayanmu. Likita yana son sanin inda zazzaɓi ya fi yawa. Mai gina makaranta yana son yawan yara. Masu haƙa rijiya suna son sanin wa ke shan ruwan kogi. Roƙonsu duka ɗaya ne: a ƙara tsinka mini, a ba ni ƙauye ƙauye, unguwa unguwa. Kuma suna da gaskiya, don ba a kai wa yanki magani, ƙofar wani ake kai shi. Ustaz kuwa sai ya haɗe nan, ya haɗe can, su fita suna ƙunƙuni.

Ni ma ƙunƙunin nake yi, nawa ma ya fi nasu zafi. Duk jadawalin da ya fito, ƙauyukanmu suna can ƙasa a layin "sauransu". Sana'o'inmu ma haka. Maƙeri da majemi da wanzami da masaƙi, duk an zuba su a buhu ɗaya an rubuta "sauran sana'o'i". Abin yana ci mini rai, wallahi. Mutane suna nan tun kaka da kakanni suna aiki, amma a takarda ba su da layi. Da Ustaz ya yi ritaya, na tasa mudir a gaba, shugaban ofishinmu ke nan, na yi ta yi masa surutu har ya gaji ya ce in ba kowace sana'a lambarta. Ranar da na ga an buga "wanzanci" a layinsa shi kaɗai, da taƙama na koma gida, har na nuna wa mahaifina.

A shekarar da nake so in ba ku labarinta, an yi binciken lafiyar gidaje, kuma da yake ma'aikata sun yi kaɗan sai na koma yawo na ɗan lokaci. Akwai wani ƙauye tsakanin Mai Wurno da Suki. Ba zan faɗi sunansa ba, sunayen mutanen da za ku ji ma ba na gaskiya ba ne. Da hantsi na shiga gidan wanzamin ƙauyen, mu ce masa Baba Sani. Shi ke askin jarirai ranar suna, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Duk namijin da ke ƙauyen, hannun gidan nan ne ya fara taɓa kansa. Ranar ba ya nan, matarsa Inna Kulu na tarar tana suyar gahawa a bakin murhu.

Muka fara da tambayoyin sauƙi: mutum nawa ne a gidan, ina ake ɗebo ruwa, akwai gidan sauro ko babu. Da na zo kan ko wani ya yi doguwar jinya a shekarar da ta wuce, sai ta daina fifita wutar.

Ta ce, "Ɗiyata, takardar ga, wa za ya gan ta?"

Na ce, "Inna, shafin sunan nan yagewa ake yi a kulle. Abin da ya rage lamba ce cikin lambobi."

Ta zuba mini jabana, sannan ta sake cewa, "Ke tamu ce. Gaya mini tsakaninki da Allah, ba mai ganewa?"

Na ce, "Wallahi, Inna, ba mai ganewa."

Sai ta faɗa mini mai gidan ya yi tarin fuka. Tun ranar da aka gaya masa a asibiti, ya rataye zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan aski, ya ce wa mutane zai tafi yankan riɗi a manyan gonakin Damazin. Ba Damazin ya je ba, gidan ƙanwarsa ya zauna a Sennar yana shan magani. Bai sake taɓa kan ɗan kowa ba sai da likita ya gwada shi ya ce ya warke sarai. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini katin asibitin daga ƙasan akwati, an cike shi har ƙarshe. Ta ce, "Na faɗa miki ne don an ce in an san yawan masu ciwon za a kawo magani kusa. Akwai masu tari a garin ga da ba su da ƙanwa a Sennar." Na bari numfashinta ya sauka kamar yadda aka koya mini, sannan na rubuta. Na yage shafin farko a gaban idonta.

Bayan wata shida ko bakwai, dattawan lajnar ƙauyen, wato kwamitinsu, suka zo ofis su uku tare da malamin makarantarsu. Suna neman a gina musu ɗakin shan magani, an ce su kawo hujja. Kai, daɗi kamar ya kashe ni! Ga ranar da nake jira, mutanena sun zo neman lissafin kansu. Na ce su je su ci abinci su dawo. Na zauna na fitar musu da jadawali na ƙauyensu kaɗai, kuma don hujjar ta yi ƙarfi na gitta sana'a da ciwo, a ga yadda jinya ke cin hannayen da ke ciyar da gari. Na duba sau biyu: babu suna, babu lambar gida, babu shekaru. Dokar biyar ta faɗo mini a rai, sai na ce ai waɗannan ba baƙi ba ne, ba da mota suka zo ba, masu abin ne da kansu. Na buga hatimi, na miƙa musu da hannu biyu.

Abin da ya biyo baya malamin makarantar ne ya ba ni labari, don ba na wurin. Ranar Juma'a bayan an sauko, aka taru a inuwar darbejiyar ƙofar masallaci, aka ce ya karanta wa jama'a takardar ya fassara. Ya bi layi layi. Manoma mutum kaza, masu jinya kaza. Masunta kaza. Mutane suna ta cewa Allah ya sawwaƙe. Sai ya iso layin da na yi faɗa a kansa. Ya ce, "Wanzanci, mutum ɗaya. Tarin fuka, ɗaya." Ya ce mini sai da maganar ta fita daga bakinsa ya ji abin da ya faɗa. Baba Sani yana zaune a gaba da carbinsa. Ba wanda ya juya ya dube shi, ko mutum guda. Kowa ya kafa ido a ƙasa har aka shafa fatiha aka tashi.

Kada ku ɗauka mutanen ƙauyen mugaye ne. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya daina gaishe shi. Amma ranar Lahadi akwai suna a gidan wani masunci, sai aka wayi gari an aika Suki an ɗauko wanzami. Suka aiko wa Baba Sani da kason naman da ake ba wanzami, cikakke, tare da gaisuwa. Sunan da ya biyo baya ma haka aka yi. Mata suka fara lissafin watannin da ya ce yana Damazin, aka tuna ba wanda ya gan shi a can. Duk yaron da ya yi tari a shekarar sai aka tuna wa ya aske shi. Wanzami fuskarsa a kan fuskar jariri yake aiki, numfashinsa yana sauka a kansa. Wace uwa za ki ce wa ta yi haƙuri? Ni ma uwa ce, ban ga laifinsu ba. Kafin kaka, har dattawan da yake yi wa aski tun suna samari sun koma wurin mai injin aski a kasuwa.

Da labarin ya iso ni, ban tsaya wata-wata ba. Na hau hafila, wato motar haya, zuwa Sennar, na sami Ustaz Babikir a gida yana watsa wa tantabarunsa hatsi. Na zayyana masa komai, na ce zan je in sa a karanta katin asibitin a ƙofar masallacin, a san mutumin ya warke tun kafin ya koma aiki. Ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Yanzu zato suke yi, ya bitti, ko da zaton ya yi ƙarfi. In kin je kin tsaya, ofis ne ya ce shi ne. Da izinin wa za ki yi?"

Na ce, "Ustaz, wallahi babu suna a takardar."

Ya ce, "Wanzami nawa ne a ƙauyen?"

Ya ci gaba da watsa hatsinsa.

Na je neman izinin. Inna Kulu ta amsa sallamata, ta shimfiɗa mini tabarma, amma ba ta hura wutar jabana ba. Ta ce, "Sau biyu na tambaye ki." Na ce, "Haka ne, Inna." Kunya ta hana ni ɗaga ido. Baba Sani ya fito daga ɗaki, ranar na fara ganinsa: siririn dattijo mai tsabta, farcensa a yanke tas. Na durƙusa na faɗi abin da na yi da abin da nake so in yi. Ya saurara har na kai aya.

Ya ce, "Ustaza, da gangan kika yi?"

Na ce, "Wallahi a'a, Baba. So nake a san kuna nan."

Ya ɗan yi murmushi, ya ce, "To, an sani. Katin ga kuwa ki bar shi inda yake. An karanta ni sau ɗaya a gaban jama'a, ya isa."

Zabirar tana rataye a ƙusa daidai kansa. Da kaka ta yi ya tafi Damazin yankan riɗi, wannan karon da gaske.

Ga abin da ke sa aikin nan wuya, ku buɗe kunne. Ɗakin shan maganin an gina shi. Takardata ta yi aiki. Masu tarin da ba su da ƙanwa a Sennar sun sami magani a kusa, wasunsu suna nan da rai har yau. Don haka duk wanda ya fita daga nan ya ce Ustaza Rabi ta ce a ɓoye komai, ƙarya ya yi mini. Lissafin da aka kulle a akwati ba ya warkar da kowa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne da na haɗe wanzami da maƙeri da majemi da masaƙi a layi guda na ce "masu sana'ar hannu", hujjar ba za ta ragu da komai ba. Gini zai tashi, Baba Sani kuma ya ci gaba da askinsa. Aikin minti biyar ne da abin gogewa.

Bayan 'yan shekaru aka sake binciken, na roƙa aka ba ni ƙauyen. Gida bayan gida tarba mai kyau, shayi har ya ishe ni. Akwai wanda ya yi jinya? Lafiya lau. Ina jin tari daga cikin ɗaki kamar ana faskare, matar gidan tana kallon tsakiyar idona tana cewa hayaƙin murhu ne. Har masu ciwon da ba abin ɓoyewa ba ne suka ɓoye. Wata tsohuwa ta ce mini, "Ustaza, rubuta mu duka manoma ne, kuma ƙalau muke." Na rubuta abin da aka faɗa mini, don ba ni da ikon rubuta abin da na jiyo ta bango. A takarda ƙauyen ya fito ya fi duk maƙwabtansa lafiya, aka karkatar da kason maganinsu zuwa inda lissafi ya nuna buƙata. An yi shekaru ana lallashi kafin bakinsu ya sake buɗewa, shi ma ba duka ba.

Tun daga nan na sake yadda nake aiki, kuma shi nake so ku tafi da shi. Kafin jadawali ya bar hannuna, nakan karanta shi da idon tsohuwar ƙauye, irin wadda ta san wa ya haifi wa, da wa ya yi tafiya da kaka. In har ita za ta iya nuna gida da yatsa, ba ya fita. Ungozoma ɗaya ce a ƙauye, ladan ɗaya, mai injin niƙa ɗaya, matar da ta haifi 'yan uku ɗaya; irin waɗannan ba sai an rubuta sunansu ba. Sai in haɗe layi, ko in haɗe ƙauyuka biyu, ko in mai da shekaru rukuni rukuni. Kuma in kun rufe gurbi ɗaya kun bar jimla a ƙasa, aikin banza kuka yi, duk wanda ya iya debewa zai fito da shi. Sai an rufe na biyu. Masu zuwa nema za su yi fushi, ku sa wannan a ranku. Wani likita ya taɓa buga mini tebur ya ce ina hana shi ceton rai. Na ce ya zauna ya gaya mini shawarar da yake so ya yanke, muka fitar da abin da zai ishe shi yanke ta, ba ƙari. Da rabin abin da ya nema ya tafi, kuma ya yi aikinsa.

Na'urorin nan naku sun fi fensirina haɗari, don an ce mini suna riƙe daidai wurin da kuka tsaya kuka yi tambaya. Kuma gidajen da za ku shiga yanzu, da yawa na mutanen da suka gudu saboda yaƙi suka dawo ne, kowa da abin da ba ya so a sani. Mai tsawa ba shi da wuyar hanawa, kai mai jallabiya ma za ka iya. Mai wuyar shi ne ranar da kawunka da dattawan garinku suka zo da kyakkyawar niyya, suka ce ai mu ne.

Saura ƙarshen Baba Sani. Shekaru sun ja, sai babbar tawa ta haihu, kun ga ni ma ba zan kira sunanta ba. Na je ƙauyen da kaina na roƙe shi ya zo Mai Wurno ya yi wa jikana askin suna, a tsakar gida, a gaban kowa. Da gangan na gayyato mutanen ƙauyensu, so nake su ga na miƙa masa jinina. Ya ƙi har sau biyu. Inna Kulu ce ta ce masa ya je.

Ya zo da hantsi, rataye da zabirar, fatarta ta bushe ta tsattsage. Ya wasa askar, ya jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi, ya yi bisimilla. Ya ɗora askar a goshi ya ja sau ɗaya, gashi ya sauka a ƙwarya. Sai ya tsaya. Na ga yatsun sun yi kanta saboda lauje. Ya daɗe yana kallon kan yaron. Sannan ya juya askar ya miƙa ta ta ƙota ga wanzamin unguwarmu da ke zaune a gefe, ya ce, "Ƙarasa, ɗana. Hannun ya manta, kuma ba a gwaji a kan jariri."

Da zai tafi na raka shi bakin hanya inda hafila ke tsayawa. Sai godiya nake ta yi, idona cike da hawaye. Ya gyara zabirar a kafaɗa.

Ya ce, "Ustaza, har yanzu kina aikin takardun ga?"

Na ce, "Ina yi, Baba."

"Yanzu a wane layi kuke sa ni?"

"Ma'aikatan gona."

"Muna da yawa a layin?"

"Da yawa ƙwarai, Baba."

Ya jinjina kai, ya ce, "To, alhamdu lillahi. Can ba mai gane ni."

Hafila ta tsaya, ya hau. Layin wanzanci da na yi faɗa aka buɗe yana nan har yau, za ku gan shi a cikin na'urorinku. A ƙauyen can dai ba a sake rubuta kowa a kansa ba.